Uwar Sifirin da Ta Ƙi Amsawa

Asabar, 3 ga Mayu

Yau Yaya ya dawo da Shuɗiya. Ba tuƙo ta ya yi ba, da igiya aka janyo ta a bayan sabuwar motarsa, kamar akuyar da aka kai kasuwa aka rasa mai tayawa.

Akori-kurar Baba ce. A cikinta ya ƙare ƙuruciyarsa, da ita ya ciyar da mu. Kafin ya rasu, a gaban Inna, ya zaro makullin daga ƙarƙashin matashinsa ya sa a tafin hannuna, ni Autarsa, tela, kuma mace. Bayan rasuwar sai ga Yaya da muryar nan tasa ta lallami, wai aro, wai kwana biyu zai kwashi bulo da ita kafin ya sayi tasa. Kwana biyun ya zama shekaru.

Ga yadda ta dawo: gindi a ƙasa, hanci a sama, tayoyin baya sun kusa shigewa cikin bodi. Ya tsaya a ƙofar gidan Inna, ga matarsa, ga maƙwabta, ya cillo min makullin ya faɗi a ƙasa. "Auta, ga gadonki. Ki zuba mata ƙaiƙayi, kaji su samu wurin yin ƙwai." Aka kwashe da dariya. Matarsa har da riƙe ciki.

Na durƙusa na ɗauki makullin na goge shi da gefen mayafina. Inna ta juya ta shige ciki.

To, ga alkawari. Shuɗiya za ta tashi. Da hannuna zan tuƙa ta in bi ta gaban gidan bulonsa, gindinta a sama, in danne hon har sai ma'aikatansa sun ajiye shebur sun kalla. Abin da zai biyo bayan wannan ban san shi ba tukuna, amma sai ya ji a jikinsa.

Lahadi, 4 ga Mayu

Maigida ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma akwatin sifanun Baba yana wurina.

Talata, 6 ga Mayu

Na kira Kawu Mai Walda, aminin Baba, ya zo gidan Inna ya duba ta. Bugun guduma ya cinye masa kunne, sai an yi masa ihu kamar ana kiran mutum daga tsallaken titi. Ya zuba mai, ya haɗa batir, injin ya yi tari ya tashi. Ya ce irin wannan inji sai dai mai shi ya mutu ya bar shi. Sai ya tuna da Baba, ya kau da kai.

Ciwon a baya yake. Sifirin ne suka kwanta, falle-fallen ƙarfen nan da ake jerawa su ɗauki nauyin mota. Kamata ya yi su lanƙwasa kamar baka, na Shuɗiya kuwa sun miƙe ɗoɗar, na hagu ma ya fara lanƙwasa ta baibai. Wannan ba tsufa ba ne. Bulo ne, an yi ta jibga mata shi har ya wuce kan direba.

Kawu ya ce a sauke su gaba ɗaya a sa wasu. Wuta da guduma nasa ne, amma bayansa ba ya barinsa kwanciya a ƙasa. "Ke za ki shiga ƙarƙashi, ɗiyata." Na ce tun ban kai tsawon taya ba nake shiga. Bai ji ba, ya dai gyaɗa kai.

Asabar, 10 ga Mayu

Kasuwar kayan gyara. Maigida ya raka ni cikin farar riga, wai don kada a cuce ni. Mutumin da bai san inda ake zuba wa mota ruwa ba.

Mun samu sifirin wata irin Shuɗiya da ta yi karo ta gaba, bayanta lafiya lau. Na ce wa mai kayan ya kwance kusar tsakiya ya raba fallayen. Ya ce, "Hajiya, ba atamfa ba ce da za a warware miki." Na ce ko atamfa ba na saye a ninke. Ya kwance yana guna-guni.

Na yi yadda Baba ke yi. Falle mafi tsawo, wanda ake kira uwa, bakinta biyu a naɗe suke kamar zobe, kuma ita ke riƙe da aksul, sandar da tayoyi ke jikinta, a jikin mota. Sai a zura waya a zobe ɗaya, wani ya ɗaga ta ta yi reto ba ta taɓa komai ba, wani ya buga ta da sifana. Mai lafiya takan amsa, ƙara mai tsawo har cikin haƙori. Mai tsaga kuwa sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Baba yakan ce ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai a ƙi tambayarsa. Muna yara Yaya ne ke riƙe wayar, ni nake bugawa, don Baba ya ce kunnena ya fi.

Yau Maigida ne ya riƙe, yana nishi yana kare rigarsa. Duk biyun sun amsa, har wani mai shago ya leƙo. Sai da na juya baya na share ido, na ce tsatsa ce ta faɗa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mun ɗaga ta da jak. Maigida ya ga ragowar bulo a bayan motar ya ce a tokare ta da su. Na ce bulon Yaya? Gara in tokare ta da burodi. Kawu ya kawo kututture, muka ɗora shasi a kai.

Ƙarƙashinta duk siminti ne ya daskare. Notunan sun haɗe da tsatsa sun zama abu ɗaya. Na jiƙa su da kananzir, na sa doguwar sifana na taka da ƙafa, ko gezau. Sai da Kawu ya gasa su da wuta suka yi ja, sannan suka fara sakin jiki suna kuka. Kowane noti na kwance sai na ambaci Yaya a zuciyata, abin da ba zan rubuta ba ko a nan.

Farcena na babban yatsa ya tafi. Inna ta ɗaure min da tsumma tana cewa, "Wai ke, da mota kike faɗa ko da ɗan'uwanki?" Na ce da tsatsa.

Kafin rana ta faɗi tsofaffin sifirin suna ƙasa, na jingine su a bango.

Laraba, 14 ga Mayu

Wata da ta kawo ɗinki ta ga tambarin yatsana na baƙin mai a gefen rigarta. Na ce zan wanke. Wannan ma a wuyan Yaya yake.

Alhamis, 15 ga Mayu

Kazar Inna ta yi ƙwai a bayan Shuɗiya. Na soya shi na cinye a tsaye, ɓawon na binne. Kada labari ya kai gidan bulo.

Asabar, 17 ga Mayu

Muna jiran sababbin bushin, robobin da ake cusawa a cikin zobe, sai hannuna ya ƙi zama. Na raba tsofaffin fallayen don in ga abin da za a iya mora. Na ce Maigida ya riƙe min uwayen in buga, don sabo kawai.

Ta dama ta amsa, duk da wahalar da ta sha. Ta hagu ta ce ƙwas.

Na sake bugawa. Ƙwas. Na kalli Kawu, yana can yana hura wutarsa, bai ji komai ba, ba zai ji ba. Maigida kuwa cewa ya yi, "Shi ke nan in ajiye? Kafaɗata."

Da suka tafi shan shayi na yi ɗaya dabarar Baba. Na wanke wuyan uwar da kananzir, daidai inda ƙarfen ya fara naɗewa, na goge, na daka allin telata na barbaɗa. Can sai ga tsagar ta fito, baƙin layi siriri kamar zaren ɗinki, ya ci fiye da rabin faɗin ƙarfen. Da ido kawai ba mai ganinta.

Aikin Yaya ke nan. Ƙarfen da Baba ya yi ta lallaɓawa yana shafa masa mai kamar jariri, shi ya tsaga shi da haɗama. Na daɗe a tsugune ina kallon layin, zuciyata tana tafasa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Tun safe muka ɗora sababbin. Nauyi kamar me, ni a kwance ina turawa da gwiwa, Maigida yana jan ɗaya bakin, Kawu yana ba da umarnin da ba ya jin amsarsa. Muka zura kusoshi, muka ɗora aksul. Sai farfela, dogon ƙarfen da ke kawo ƙarfi daga giya, ta ƙi kaiwa. Na ja, na tura, saura kamar faɗin tafin hannu. Muka gwada taya, sai ga ta ta ja baya tana shirin gogar bodi.

Ina ƙarƙashi ina zufa sai na ga takalman Yaya. Ya zo gaida Inna. Ya zagaya motar a hankali, ya tsaya daidai kaina, bai ko sunkuyo ba.

"Gajeren gefe gaba, Auta."

Ashe kusar tsakiya ba a tsakiya take ba. Gefe ɗaya na sifirin ya fi guntu, kuma shi ke kallon gaba. Mun juya su, duk biyun. Ni da nake yini da tef a wuya ina auna mutane, ban auna ƙarfe ba. Ya ƙara da cewa, "Ko wando kika ɗinka haka, aljihu zai koma baya." Maigida ya yi dariya. Mijina! Ya haɗiye ta da sauri, amma na ji.

Da ƙasa ta tsage da na shige, sai dai ina kwance a kanta ne ma.

Sai idonsa ya kai kan tsofaffin fallayen a jikin bango. Ya taɓa su da ƙafa. Ya ce motarsa irin ta Baba ce, ƙanwarta, kuma nata sifirin sun riga sun fara gajiya. Ƙarfen zamanin da ba irin na yanzu ba ne. Uwayen biyu yake so, tunda ni ba su da amfani a wurina. Ko tambaya bai yi ba, faɗa ya yi kamar mai aiken yaro.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na tuna makullin nan a ƙasa, da matarsa tana riƙe ciki. Na ce, "Ɗauka, Yaya. Ai kai ka san darajarsu."

Ya ce zai turo a ɗauka. Da ya tafi na kwaso giris da yatsa biyu na shafe wuyan ta hagu, na bi da ƙasa a kai don ya yi kama da tsohon datti.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shi ya tsaga ta, ta karye a ƙarƙashinsa.

Litinin, 19 ga Mayu

Na yi barci lafiya. Na rubuta don in tuna cewa na yi.

Talata, 20 ga Mayu

An zo an kwashe su.

Ina ta hango abin. Ya yi lodi, yana tsakiyar titi, ƙarfe ya ce ɗas, motar ta zauna a gefe ɗaya, bulo ya watse, masu motoci suna zaginsa, yara suna dariya. Shi kuma a tsaye hannu a ka. Abin da nake so ke nan, ya ɗanɗani dariyar mutane. Ba wani abu ba.

Inna ta zaunar da ni tana tsefe kai. Wai in rage zafi. Wai Yaya tun yana makaranta yake tashi da asuba ya yi wa Baba lodi, shi ne sauke buhu, shi ne wanke mota, amma har Baba ya koma ga Allah bai taɓa barinsa ya zauna a kujerar direba ba. "Sai ga makulli a hannunki, yana tsaye yana kallo. Ban ce ya kyauta ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce, "Inna, ni na ce Baba ya ba ni?" Ta ce a'a. Na ce to.

Ta ce ran Litinin Yaya zai ɗora ƙarafan, don daga Talata ya samu aikin kwasar tsakuwa daga wurin fasa dutse. Ban san zai bar bulo ya koma can ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Mun sauke sababbin mun juya su. Wannan karon na auna da tef, na ja layi da alli, na rubuta "gaba" a jikin kowanne da manyan baƙaƙe.

Muna hutawa na tambayi Kawu, kamar hira, idan uwar sifirin ta karye a wuya me ke faruwa. Ya ce me? Na maimaita. Ya ce me? Sai da na faɗa da ƙarfin da maƙwabta suka ji, abin da ko a zuciyata ba na son faɗa da ƙarfi.

Ya ce in ƙaramin falle ne, mota ta zauna kawai, a ɗaure da igiya a lallaɓa gida. In uwa ce a wuya, aksul ya kuɓuce ta gefe ɗaya ke nan, tayar ta ja baya, bututun birki ya tsinke, motar ta juya inda ta ga dama. "In a fili ne, da sauƙi. In a gangara ne da kaya, ɗiyata, sai dai a tara mutane." Ya ce me ya sa na tambaya, ai namu sun amsa. Na ce son sani ne.

Na san wannan tun kafin in tambaya. Baba ya sha faɗa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ruwa tun safe. Hanyar wurin fasa dutse gangara ce mai kwana, gefe ɗaya rami. Na bi ta da Baba ina yarinya, yakan sa giya ta ɗaya ya hana kowa magana.

Ba ruwana. Da shi ɗan Baba ne na gaskiya da ya buga ya ji. Waya ba ta da tsada, sifana yana da ita. In bai tambayi ƙarfe ba, laifin wa?

Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke. Na sake ɗinka shi a baibai.

Asabar, 24 ga Mayu

Maigida ya ce kwana biyu ba na cin abinci. Ya ce in dai dariyar ran Lahadi ce, ya tuba. Na ce ba ita ba ce. Ya zauna yana jira in faɗa. Na tashi na hau goge sifanu, waɗanda na riga na goge.

Lahadi, 25 ga Mayu

Farfela ta shiga kamar an kira ta. Muka mayar da shokozoba, muka sa tayoyi, muka zare kututture. Kawu ya ce kada in ƙarasa ɗaure kusoshin bushin sai nauyinta ya sauka a ƙasa. Muka sauke jak a hankali.

Ta tsaya. Gindinta a sama, tayoyi a tsakiyar gurbinsu, kamar ranar da Baba ke wanke ta ya ja baya yana kallo. Inna ta fito ta dafa bodin ta daɗe. Kawu ya hau baya ya yi tsalle da tsufansa, motar ta karɓe shi ta mayar. Maigida ya tafa.

Na yi zaton zan yi guɗa. Na wanke hannu na zauna a kan kututture.

Gobe zan bi ta gidan bulo. Hon kawai, in wuce.

Litinin, 26 ga Mayu

Na rufe shago. Na sa rigar da na fi so. Shuɗiya ta bi ramukan layinmu tana lilo a hankali, ba ƙara ba gunji.

Na shiga layin gidan bulo na danne hon. Yadda na tsara haka ya faru: mai shebur ya ajiye shebur, masu jera bulo suka miƙe, wani ya ce, "Kai! Motar tsoho ce!" Sai ga Yaya ya fito daga ƙarƙashin tasa motar, an ɗaga ta a jak, riga duk ƙasa, baki a buɗe. Wannan fuskar na yi makonni ina jira. Na gan ta.

Kuma na ga uwayen biyu a ƙasa kusa da ƙafarsa, ba a ko sa musu bushin ba. Ta hagu da girisina a wuyanta.

Ƙafata ce ta taka birki. Ni dai niyyata in wuce.

Na fito. Ba gaisuwa. Na tsinci waya a kan tarin yashi na zura a zoben ta hagu, na ɗaga da hannu biyu har ta bar ƙasa. Na nuna sifanar da ke hannunsa da haɓa.

"Buga."

"Mene ne haka, Auta? Ke ce mai kunne."

"Buga, Yaya."

Ba don komai na ba shi ba, don kada ya ce na yi dabara a bugun. Ya dubi ma'aikatansa, ya dube ni, ya buga.

Ƙwas.

Ya sake bugawa. Fuskarsa ta sauya, ashe ya san sautin, ai tare muka ji shi shekara da shekaru. Na sauke ta. Ya tsuguna ya share girisin da babban yatsa, ya tofa yawu ya goge da gefen rigarsa. Ga layin. Kuma a cikin layin ga fari-fari, ragowar abin da na barbaɗa. Ya kankara da farce ya duba.

"Allin tela," ya ce, a hankali yadda ma'aikata ba za su ji ba.

Na ce, "Kai ka tsaga ta."

Ya ce, "Ke kika rufe."

Muka tsaya a haka. Na jira ya zage ni, na ma shirya amsa. Ya juya ya kalli motarsa a kan jak, ya kalli hanyar da ta nufi wurin dutse, ya shafa fuska da hannu mai giris. Sai ya ce wa mutanensa su koma aiki, kallon me suke yi.

Ya jawo ta dama da ƙafa. Ya ce, "Ɗaga wannan." Na zura waya na ɗaga. Ya juya sifanar a hannunsa kamar mai jin kunyarta.

"Kin san ban taɓa bugawa ba? Riƙewa kawai."

Ya buga. Ta amsa, dogon ƙara mai tsabta, ya bi wayar ya shiga hannuna har kafaɗa. Ya tsaya kansa a sunkuye har sautin ya ƙare ƙarƙaf. Sannan ya sake bugawa. Ya sake. Wayar tana yanka min yatsu, ban sauke ba.

Ban danna hon da zan tafi ba. Mantawa na yi.

Laraba, 28 ga Mayu

Ban yafe ba. In rubuta shi ɓaro-ɓaro. Bai ba da haƙuri a kan zancen kaji ba, ni ma ban ba da a kan komai ba. Bai gaya wa Inna zancen allin ba, da ya faɗa da na gani a fuskarta.

Ya ɗage aikin tsakuwa sai ya samu wata uwar. Jiya ya kai wa Kawu mai tsagar ya ce a yanka ta gida biyu, kada wani ya tsinta ya sa.

Ɗazu ya zo gaida Inna. Ya zagaya Shuɗiya, ya danna bayanta, ya leƙa ƙasa, ya ce bututun birki na hagu yana gogar ƙarfe, zai zo Asabar ya gyara zamansa. Na ce ƙofar gidan uwarsa ce, ba ni zan hana shi shiga ba. Ya ce in ba shi makulli ya ji injin. Na daɗe kafin in miƙa. Ya zauna a kujerar Baba, ya tayar, ya saurara, ya kashe. Da ya fito ya kamo hannuna ya sa makullin a tafina.

Saura kaɗan in gaya masa zancen ƙwan.

Kafaɗata har yanzu ciwo take, ko keken ɗinki da kyar na juya yau. Ashe nauyi ne da ita, uwar sifirin. Ban taɓa sani ba, ni da bugawa kawai nake yi.